Laifin Wa? Tarihin Koyarwar Karma da Amsar Ikilisiya

Wata rana bayan an tashi daga ajin baftisma a nan Gadarif, wata mace ta tsaya har kowa ya watse. Tana cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Wad Madani a watan Disamba na 2023. Ta riga ta binne 'ya'ya uku, ba wanda ya kai shekara biyar. Ta ce mini, "Malam, dangin mijina sun ce ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Wata maƙwabciya kuma ta ce bashin wata rayuwa nake biya, wadda na yi kafin wannan. Ko Littafi ya yarda da haka?" 'Yan'uwa, tambayar nan ta girmi matar, ta girmi kakanninta. Don haka na ga ya kamata mu bi sawunta tun daga tushe.

Mu fara daga gida. Hausawa sun daɗe suna bi ta ƙasar nan a hanyar Makka, sun kuma ƙaru ƙwarai bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa bakin Shuɗin Nilu. Tare da kayansu sun zo da maganar wabi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa bi da bi ana ce da ita mai wabi. In ta sāke haihuwa sai a raɗa wa jaririn sunan wulakanci, kamar Ajuji, ko Ayashe, ko Bawa, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba ta ƙyale shi. Yarbawa suna kiran irin wannan yaro abiku, Inyamurai kuma ogbanje, har akan yi wa gawarsa alama domin a gane shi in ya komo. Amma ku lura, a cikin wabi ba a cewa uwa tana biyan zunubin wata tsohuwar rayuwa. Wannan ɓangaren daga wata ƙasa ya fito.

Ƙasar ita ce Indiya. Kalmar karma a harshen Sanskrit ma'anarta aiki. A cikin littattafan da ake kira Upanishad, waɗanda na farkonsu suka kai shekara 600 ko fiye kafin haihuwar Almasihu, aka koyar cewa rai yana barin jiki ya shiga wani, kuma aikin mutum ne yake zaɓa masa inda zai faɗa. Mai kyakkyawan hali a haife shi cikin gida mai daraja, mai mugun hali kuwa a haife shi kare, ko alade, ko cikin mutanen da ake ƙyama. Buddha ya karɓi koyarwar karma da maimaita haihuwa, ko da yake bai yarda akwai dawwamammen rai mai ƙaura ba. A ƙasar Girka ma Faisagoras da Aflatun sun koyar da ƙaurar rai. Gaskiya ce mabiya addinan Indiya suna koyar da tausayi da sadaka, bai kamata mu yi musu shaidar zur ba. Abin da suke nema shi ne amsar abin da ke damun kowa: me ya sa wani ake haifarsa cikin daula, wani cikin yunwa?

Ta yaya wannan ta iso mu? Fataken Indiya sun sauka Sawakin tun ƙarni na 19, daga baya wasunsu suka zauna a Kasala da Gadarif da Madani da Umdurman, amma su ciniki ya kawo su, ba wa'azi ba. Majigi ne ya yi wa'azin. Daga Kano har Sudan mun tashi muna kallon finafinan Indiya, da yawansu kuwa a kan haka aka gina su, kamar Karz na 1980 da Karan Arjun na 1995, inda aka kashe mutum ya sāke dawowa ya ɗauki fansa. Yanzu kuma wayar hannu ta sa yaranmu suna cewa "karma" duk sa'ad da azzalumi ya faɗi.

To, me Ikilisiya ta ce? Tun wajen shekara ta 180 Iraniyus, bishop na Liyon, ya yi gardama da masu wannan koyarwa. Hujjarsa mai sauƙi ce: in da mun taɓa rayuwa, da mun tuna. Mu ma muna iya ƙarawa cewa horon da mai shansa bai san laifinsa ba, ba ya gyara kowa. Tatuliyan na Kartaj, ɗan Afirka ta Arewa, ya rubuta littafi a kan rai wajen shekara ta 210, ya ƙi koyarwar sarai. Wanda ake yawan jingina wa ita shi ne Orijen na Iskandariya, wanda aka haifa wajen 185. Shi ya yi tunanin cewa rayuka sun kasance kafin a ba su jiki. Amma a cikin sharhinsa na Bisharar Matta, inda ake zancen Iliya da Yohanna Mai Baftisma, ya faɗi a fili cewa ƙaurar rai daga jiki zuwa jiki baƙuwa ce ga Ikilisiya. A zamanin Sarki Jastiniyan, a 543 da kuma 553 a birnin Kustantiniya, aka la'anci koyarwar kasancewar rayuka kafin jiki. Wasu suna yaɗa cewa a taron 553 ne aka goge komowar rai daga Littafi Mai Tsarki. Wannan ba shi da tushe, gama akwai kofe na Littafin da suka girmi taron da shekara 200, ba ta cikinsu. Katikisim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a sakin layi na 1013, ya sāke tabbatar da matsayin nan. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu sun ƙi ta, da Larabci suna kiranta tanasukhi.

Wani zai ce, ai mu ma muna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, Bulus kuma ya yi zancen shuka da girbi a Galatiyawa 6. Haka ne. A ƙasar dawa da riɗi kamar Gadarif ba mai musun cewa abin da ka zuba a ƙasa shi zai tsiro. Sai dai Bulus yana gargaɗin mai shuka ne game da abin da ke gabansa, bai ba mu izini mu dubi mai kuka mu ƙirga masa zunuban baya ba. Abokan Ayuba sun yi wannan lissafi, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya yi fushi da su. A Yohanna 9 almajirai sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya kawar da duka biyu, ya buɗe idon mutumin. A Luka 13 ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ibraniyawa 9:27 ta nuna mutuwa sau ɗaya ce, sai shari'a. Maya haihuwa da ke Yohanna 3 kuwa aikin Ruhu ne cikin wannan rayuwa ɗaya. Babban abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne gicciye. In kowace wahala biyan bashin mai shanta ce, to Yesu ya cancanci ƙusoshinsa, bangaskiyarmu kuwa ta rushe. Mu mun shaida marar laifi ne ya sha wuya domin masu laifi, gafara kuma kyauta ce.

Tarihin ƙasar nan ya ba mu misali. An haifi Bakhita a Darfur wajen 1869, aka sace ta tana yarinya, aka sayar da ita a El Obeid da Khartum. Masu sace ta ne suka laƙaba mata sunan, ma'anarsa mai sa'a. Ta mutu a Italiya a 1947 tana 'yar zuhudu, aka sa ta cikin tsarkaka a shekara ta 2000. Ta gafarta wa waɗanda suka tsaga jikinta da wuƙa, amma gafara tana nuna an yi laifi, laifin kuwa nasu ne.

Akwai kuma abin da likitoci suka gano. A 1903, shekarar Burmi, Leishman da Donovan suka bayyana ƙwayar cutar kala-azar, wadda ta kashe yara da yawa a ƙauyukan Gadarif. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne mai zama inda akwai talha da aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa yake yaɗa ta, tana kuwa da magani. A 1910 aka fara bayyana ciwon sikila. In uwa da uba dukansu suna ɗauke da irinsa, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya fito da ciwon. Da yawa cikin 'ya'yan da aka kira wabi, sikila ne ko zazzaɓin sauro ko ƙyanda suka ɗauke su. Wanda ya gaskata bashi yake biya, da wuya ya nemi asibiti.

Ga abin da na faɗa wa matar nan. Na ce, "'Yar'uwa, 'ya'ya uku kika haifa, kowanne da ransa, kowanne Allah ya san sunansa. Ba za su komo cikinki ba, amma a ranar tashin matattu za ki gan su su uku. Ba na iya gaya miki dalilin da ya sa Ubangiji ya bar wannan ya same ki, sai dai na tabbata ba bashi kike biya ba." Ta yi kuka mai tsawo. Washegari matan zumunta biyu suka raka ta da mijinta gwajin jini.

'Yan'uwa, in kun tarar da mai wabi a cikin jama'arku, kada ku zama abokan Ayuba a gare ta. Ku zauna tare da ita, ku kira 'ya'yanta da sunayensu, ku taimaka da kuɗin mota zuwa asibiti. Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.