Asalin Waƙar Rukuni Biyu ta Kirsimeti

Raba mawaƙan ibada gida biyu, waɗannan su ɗauko waɗancan su karɓe, ba yau aka fara ba. Littafin Nehemiya ya ce ranar da aka keɓe ganuwar Urushalima rukuni biyu aka yi na mawaƙa, aka hau da su kan ganuwa, ɗaya ya yi dama ɗaya ya bi ɗaya gefen, suna tafe suna yabo har suka haɗu a Haikali. An ce daga nesa ana jiyo murnar birnin.

Dattawan ikkilisiya kuwa suna da nasu labarin, kuma shi ya fi mini daɗi. Wai Ignatiyus, bishop na Antakiya, ya ga wahayi: mala'iku sahu biyu suna ta miƙa wa juna yabo. Sai ya koya wa mutanensa su yi haka. Daga Gabas abin ya gangaro Milan a 386, lokacin da bishop Ambros da jama'arsa suka tare cikin majami'a don kada fadar sarki ta ƙwace ta, suna kwana suna rera Zabura don ƙarfafa zuciya.

Inda abin ya nuna sosai shi ne Venis ta Italiya, a majami'ar San Marko. Adrian Willaert ya zama shugaban mawaƙanta a 1527, a 1550 aka buga Zaburarsa ta rukuni biyu. An daɗe ana cewa shi ya ƙago, waɗansu masana suka ce an riga shi a Padua. Ni dai a ganina ya tarar ne ya gyara, kuma gyaran ya isa a yaba masa. Muryoyi takwas ne, huɗu nan huɗu can, suna karɓa-karɓa kamar lugude, can sai su haɗe gaba ɗaya har tsigar jiki ta tashi. Kirsimeti ta dace da salon, tun da labarin daren na mala'iku ne da makiyaya. Palestrina ya fitar da irinta ta Kirsimeti a 1575, Giovanni Gabrieli ya ƙara da ƙahoni, almajirinsa Schütz ya kai salon Jamus.

Ana samun irin wannan karɓa-karɓa a unguwannin Ketu da Agege ma, inda ake sujada da Hausa: zumuntar mata na ba da waƙa ana amshi, da tulu da caki. Sai dai lasifika ta yi yawa, da ƙyar kake rarrabe mai bayarwa da mai karɓa.