Daga Kwantenar Okayama Zuwa Benayen Seoul: Yadda Waƙa Ta Shige Ɗaki

Wajen ƙarfe 11 na dare a unguwar Shinjuku ta birnin Tokyo, abokai kan fito daga gidan cin abinci su yi cirko-cirko a bakin titi suna shawara. Jirgin ƙasa na ƙarshe yana tashi jim kaɗan bayan tsakar dare, na farko kuwa sai wajen biyar na asuba. Idan hira ba ta ishe su ba, sai a wuce zama na biyu, wanda Japanawa ke kira nijikai, kuma galibi inda ake dosa shi ne wani dogon bene mai walƙiyar fitilu, kowane hawa cike da ƙananan ɗakuna. A kanta za a tambaye su mutum nawa ne da awa nawa suke so, a miƙa musu lambar ɗaki. A ciki akwai doguwar kujera da ta bi jikin bango, da tebur, da allon talabijin, da makirfo biyu, da wayar tarho a manne a bango. Da ita ake kiran abinci da abin sha, ita ce kuma ke ƙara idan saura minti goma lokaci ya cika.

Ɗakin karaoken nan shekarunsa wajen 40 ne kacal, na'urar da ke cikinsa ma ta girme shi. Ita kalmar karaoke haɗin kalmomi biyu ce: kara, wato wofi, da oke, guntun sunan ƙungiyar makaɗa. Ma'aikatan rediyo da talabijin na Japan ne ke faɗinta tun da can, suna nufin kiɗan da aka naɗa babu murya, wanda mawaƙi ke bi idan makaɗa ba su samu zuwa ba.

A 1967 wani mai masana'antar haɗa kayan lantarki a Tokyo, Shigeichi Negishi, ya sa aka haɗa masa makirfo da kaset da lasifika a akwati guda, ya raɗa masa suna Sparko Box, ya shiga tallarsa a mashaya da otal-otal. Nan ya ci karo da nagashi, mawaƙan da ke yawo da jita daga mashaya zuwa mashaya suna yi wa mutane kiɗa a biya su. Ganin akwatin zai raba su da abincinsu, suka riƙa matsa wa masu mashaya su fitar da shi, har Negishi ya gaji ya bar harkar a 1975. Ya rasu a watan Janairun 2024 yana da shekara 100.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne Daisuke Inoue, haifaffen Osaka a 1940, makaɗin da ke raka 'yan kasuwa da kiɗa a gidajen shaƙatawa na Kobe. Gwanintarsa ita ce bin muryar wanda bai iya waƙa ba, ya jinkirta idan mutumin ya makara, ya hanzarta idan ya yi gaba. Yadda shi da kansa yake ba da labari, wani mai kamfani ne ya nemi ya raka shi wata tafiya don ya yi masa kiɗa, shi kuwa bai samu dama ba, sai ya naɗa masa kiɗan a kaset. Mutumin ya dawo da murna yana neman ƙari. A 1971 Inoue da abokansa suka ƙera na'ura 11 masu suna 8 Juke, ana jefa musu tsabar yen 100, suka ba mashayun Kobe haya. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, don haka manyan kamfanoni suka ɗauka suka ci gaba. Wanda ya yi irin wannan rajista shi ne Roberto del Rosario na Filifin, da tasa na'urar ta 1975. Inoue dai ya samu yabo daga baya: mujallar Time ta sa shi cikin mutanen Asiya mafiya tasiri a ƙarni na 20 a 1999, sannan a 2004 aka ba shi lambar Ig Nobel ta zaman lafiya a Jami'ar Harvard, saboda ya samar wa mutane sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna.

Sai dai duk tsawon shekarun 1970 karaoke harkar magidanta ce. A ƙananan mashaya ake yinta, inda ma'aikatan kamfanoni ke zuwa bayan an tashi aiki, su rera enka, waƙoƙin begen gida da rabuwar masoya, a gaban baƙin ido. Ɗalibi ba shi da wuri a nan, matar aure ma haka, balle mai kunya. Maƙwabta kuma sun kasa barci, har hukumomi suka fara kafa dokokin hana hayaniyar karaoke cikin dare.

Mafita ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A tsakiyar shekarun 1980, a lardin Okayama da ke yammacin Japan, aka gyara tsohuwar kwantenar ɗaukar kaya, aka sa mata kujeru da na'ura, aka ajiye ta a fili a gefen hanya. Daga nan sunan karaoke bokkusu ya samo asali, wato akwatin karaoke, kuma har yau haka ake kiran ɗakunan ko da a hawa na tara suke. Abin da kwantenar nan ta kawo ya fi abin da kowace na'ura ta kawo muhimmanci, domin ƙofa ta sa wa waƙa. Da zarar an rufe ta, babu baƙon da zai yi wa mutum dariya, babu mai mashaya da za a yi wa kara, ba dole a sha giya ba. Sai ga 'yan makaranta da yunifom bayan an tashi, ga iyaye mata da rana tsaka da yaransu, ga iyali gaba ɗaya ranar hutu. Kamfanin Daiichikosho ya buɗe jerin gidajensa na Big Echo a 1988, ɗakunan kuma suka baro gefen hanya suka hau benaye kusa da tashoshin jirgi.

Fasaha ta biyo baya da gudu. Faifan laser na kamfanin Pioneer, tun 1982, ya sa baitoci suna bayyana a allo suna sauya launi daidai inda ya kamata murya ta kai. A 1992 aka fara turo waƙoƙi ta layin tarho, da na'urorin Taito da JOYSOUND, sannan na'urar DAM ta fito a 1994. Waƙar da ta fito wannan makon sai a same ta a ɗaki ba da jimawa ba, kamfanonin faifai kuma suka riƙa sa kiɗa zalla a kan kowane faifai don mai saye ya yi bita a gida kafin daren fita. Zuwa 1996 ɗakunan karaoke a Japan sun haura 160,000.

Koriya ta Kudu ta karɓa ta birnin Busan, mai kallon Japan ta tsallaken teku, a 1991. Ba su ɗauki sunan Japananci ba, suka ce noraebang, daga norae, waƙa, da bang, ɗaki. Dokar ƙasar ta hana sayar da giya a noraebang na gama-gari, ta kuma yarda matasa su shiga har ƙarfe 10 na dare. Suna da wata al'ada mai daɗi: idan lokaci ya kusa ƙarewa kuma babu masu jiran ɗaki, mai gidan kan ƙara wa baƙi minti goma ko ashirin kyauta, sai kawai su ga lambar agogon allo ta ƙaru, ɗaki ya kaure da sowa. Na'ura kuma tana ba kowane mawaƙi maki cikin ɗari, abin da ke haddasa gardamar da ake kaiwa har bakin titi.

Taiwan ta bi wata hanyar daban. A can an riga an saba da gidajen MTV, inda ake kama ɗaki a kalli fim. Da Amurka ta matsa lamba kan satar finafinai a ƙarshen shekarun 1980, gwamnati ta taso wa gidajen, masu su suka cire finafinai suka sa makirfo, MTV ta koma KTV. Da wannan suna harkar ta tsallaka China, inda wasu gidajen suka zama kamar fada, da fitilun ƙarau da teburin abinci. A 'yan shekarun nan da matasa suka ja baya, tsofaffi 'yan fansho ne ke cika ɗakunan da rana, lokacin da farashi ke sauka.

Bangon da ke tsare sauti yana da nasa haɗari. Ɗakunan ba su da taga, an lulluɓe su da soso mai saurin kamawa da wuta, wanda ke ciki kuma ba ya jin ihun waje. A watan Janairun 2007 matasa uku suka mutu a gobarar wani gidan karaoke a Takarazuka ta Japan, abin da ya sa aka tsaurara dokokin kashe gobara a irin waɗannan wurare. A watan Satumban 2022 mutum 32 suka rasu a wata gobarar a lardin Binh Duong na Biyetnam. Annobar korona ma ta samu gidajen karaoke a inda suka fi rauni, domin ɗaki rufaffe da ake ɗaga murya ana musayar makirfo shi ne abin da likitoci suka fi gargaɗi a kai, kuma gidaje da yawa da aka rufe a 2020 ba su sake buɗewa ba.

Tun kafin annobar ɗakin ya fara tsukewa. Japanawa sun ƙirƙiro kalmar hitokara, wato karaoken mutum ɗaya, kuma a 2011 kamfanin Koshidaka ya buɗe gidan 1Kara a unguwar Kanda ta Tokyo, ɗakunansa ba su wuce kujera ɗaya da makirfo da abin sawa a kunne ba. A Seoul kuwa, kusa da jami'o'i, akwai jerin 'yan ɗakunan da ke ɗaukar mutum biyu ko uku, babu kanta, babu tebur. Ɗalibai kan leƙa a tsakanin darasi da darasi, su jefa tsabar won 500 a rami kamar yadda magidantan Kobe ke jefa yen 100 a 1971, su rera waƙa ɗaya ko biyu, su rataya jaka su koma aji.