Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure: Al'ada da Hukuncin Alƙalai

A al'adar Hausawa, idan aure ya mutu, uwa takan riƙe ɗa har yaye, sa'an nan uba ya karɓe shi. Amma Risala da Muhtasar Halil, waɗanda alƙalai suka dogara da su tun zamanin Daular Sakkwato, sun ba uwa riƙon namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare. In uwa ta auri bare, riƙo ya koma ga kakar wajen uwa. Ciyarwa da tarbiyya suna wuyan uba, ba a kuwa hana shi ganin ɗansa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da aka kafa a 1960 ta ci gaba da bin wannan tafarki na Malikiyya. Duk da haka, matar da ba ta kai ƙara ba, al'ada ce ke yanke mata hukunci.