Daga «Suka» zuwa «-ed»: Koyar da Shuɗaɗɗen Lokacin Ingilishi ga Ɗalibai Hausawa ta Hanyar Ba da Labari

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda Hausa da Ingilishi ke nuna abin da ya shuɗe a cikin labari. Ta nuna cewa ɗalibi Bahaushe yana shigowa aji da sanin tsarin labari tun daga tatsuniya, kuma a kan wannan sani ya kamata malami ya ɗora darasinsa.

Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare, sannan Ingilishi ya karɓi ragama. Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗalibai ya san jimla irin «Yesterday I go to market». Akan ɗora laifin a kan sakaci, amma tushen abin yana cikin nahawu.

Inda harsunan suka rabu

Ingilishi yana sauya jikin aikatau: «walk» ya koma «walked», «go» ya koma «went». Hausa kuwa galibi ba ta taɓa aikatau saboda lokaci. «Tafi» yana nan a «tafi», lamiri ne ke ɗaukar nauyin: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Idan yaro ya rubuta «yesterday», a tunaninsa ya gama bayyana lokaci.

Akwai kuma matsalar furuci. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu a jere, alhali «walked» da «kt» take ƙarewa. Ɗafa-ƙeyar «-ed» ma furuci uku gare ta: «t» a «walked», «d» a «played», «id» a «wanted». Abin da kunne bai kama ba, da wuya hannu ya rubuta shi.

Abin da tatsuniya ta riga ta koyar

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, kamar yadda Paul Newman ya fayyace a nahawunsa na 2000: na «sun» da na «suka». Na biyun shi ke jan zaren labari: Gizo da Ƙoƙi suka tashi, suka nufi gona, suka tarar da kura. Ɗan shekara shida ba zai ce «sai sun tarar da kura» a wannan gurbi ba, ko da bai taɓa jin sunan nahawu ba.

Wannan ya yi daidai da bayanin Labov da Waletzky na 1967, cewa ƙashin bayan labari jerin jimloli ne da ke bin juna yadda abubuwan suka faru. Kathleen Bardovi-Harlig ma ta nuna cewa masu koyon Ingilishi sun fi sanya alamar shuɗewa a kan waɗannan jimloli masu tura labari gaba fiye da jimlolin shimfiɗa. A ganina, ƙa'idar farko da ta dace da ajinmu ita ce: duk inda bakinka zai ce «suka», a nan Ingilishi ke son «went» ko «walked».

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma wajibi ne malami ya san ta. «Sun tafi» sau da yawa ta fi kusa da «they have gone». «Na gane» da «na sani» siffar shuɗewa gare su, ma'anarsu kuwa ta yanzu ce, shi ya sa ake jin «I understood» daga mai nufin ya gane a yanzu. Haka «suna tafiya» ba ta ɗaure da wani lokaci, sai ɗalibi ya tsoma «they are going» a tsakiyar labarin jiya.

Tsarin darasi

A fara da tatsuniyar da yara suka sani, ɗaya ya ba da ita da Hausa, malami yana jera aikatau a allo. Daga nan a ba kowane aikatau takwaransa na Ingilishi. Za a ga galibinsu ba masu bin ƙa'idar «-ed» ba ne: «went», «saw», «came», «took», «said». Kada wannan ya tsorata malami, domin tun binciken Roger Brown na 1973 an lura cewa yaran da Ingilishi ne harshensu na uwa ma suna riƙe irin waɗannan kafin su mallaki «-ed». Idan daga baya aka ji «goed», alama ce yaron ya gano ƙa'ida har ya wuce gona da iri.

Korewa a bar ta zuwa ƙarshe. «Did not went» takan fito ne saboda ɗalibi ya sa alama sau biyu, kuma a nan Hausa ce za ta taimaka: a «bai tafi ba» aikatau bai motsa ba, haka ma «go» a «did not go».