Gateway: Tarihin Sansanonin Soja, Filayen Jirgi da Hasumiyar Sandy Hook

Gateway wurin shaƙatawa ne na gwamnatin tarayyar Amurka a bakin mashigin tashar jiragen ruwa ta New York. An kafa shi a 1972, ya haɗa yankuna uku: Jamaica Bay, da gaɓar tsibirin Staten, da zirin Sandy Hook na jihar New Jersey. Babban ɓangare na filayensa tsoffin wuraren soja ne. Shingen da ya hana farar hula shiga shekara da shekaru shi ne ya hana masu gine-gine cinye wannan gaɓa.

Ginin da ya fi shahara a ciki shi ne hasumiyar fitila ta Sandy Hook. 'Yan kasuwar New York ne suka matsa a gina ta, don sun gaji da asarar kaya a jiragen da ke kafewa a rairayin mashigin. Da kuɗin caca ta tikiti aka yi aikin, aka kunna fitilar ranar 11 ga Yuni, 1764, tun Amurka tana hannun Ingila. Kusurwa takwas gare ta, tsawonta ƙafa 103. A yaƙin neman 'yanci sojan Ingila sun riƙe ta, Amurkawa suka yi mata ruwan igwa a 1776, ba ta faɗi ba. Lokacin da aka gina ta ƙafa 500 ne tsakaninta da ƙarshen zirin. Yau tazarar ta kai kusan mil ɗaya da rabi, saboda igiyar ruwa tana ta jibge rairayi a arewacinta. Har gobe ana kunna ta, kuma duk Amurka babu hasumiyar fitila mai aiki da ta girme ta.

Su kuwa sansanonin, makamai ne suka riƙa tsere musu. A Fort Wadsworth, inda mashigin ya tsuke tsakanin Staten da Brooklyn, an gina Battery Weed da dutse a tsakiyar ƙarni na 19, hawa kan hawa, kowane hawa da tagogin igwa a jere suna kallon ruwa. Ba a daɗe da gama shi ba yaƙin basasar Amurka ya nuna cewa sababbin igwoyi suna farfasa katangar dutse da ta bulo. Sai tsaro ya matsa gaba zuwa bakin teku. A Sandy Hook sojoji sun buɗe filin gwajin manyan bindigogi a 1874, aka raɗa wa sansanin da ke wurin suna Fort Hancock a 1895. A nan ne aka gina Battery Potter, inda injin tururi yake ɗaga igwa mai bakin inci 12 sama, ta harba, ya sauke ta cikin gini a sake ɗura ta a ɓoye. Dabara ce mai ban sha'awa, amma tsada da jinkiri suka sa ba a sake yin irinta ba. Fort Tilden ya biyo baya a 1917 a zirin Rockaway, daga baya aka girke masa igwoyi masu inci 16. Da jirgin sama ya zama abin tsoro, Fort Hancock da Fort Tilden suka koma ajiye makamai masu linzami samfurin Nike, har aka rufe su a 1974. Fort Wadsworth ya kai 1994.

Filin jirgin sama na Floyd Bennett da ke cikin Gateway, wanda aka buɗe a 1931, shi ne na farko mallakar birnin New York. Kasuwa ba ta karɓe shi ba: jigilar wasiƙu ta tsaya a filin jirgin Newark, sannan filin LaGuardia ya buɗe a 1939. Amma dogayen titunansa na siminti sun jawo matuƙa masu neman kafa tarihi. Daga nan Wiley Post ya tashi a 1933 ya zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana 7 da awa 18 da minti 49. Howard Hughes da abokan tafiyarsa suka yi zagayen a 1938 cikin ƙasa da kwana huɗu. Sojan ruwa sun karɓi filin a 1941, suka riƙe shi har 1971. Filin jirgi na Miller Field a tsibirin Staten, wanda sojan ƙasa suka bari a 1969, yanzu filayen wasa ne.

Adana waɗannan wurare aiki ne mai cin kuɗi, iskar gishiri kuma ba ta raga wa ƙarfe ko katako. Guguwar Sandy ta 2012 ta yi ɓarna sosai a yankunan uku. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne jerin gidajen hafsoshi 18 na Fort Hancock, na bulo ruwan ƙwai, da aka gina a ƙarshen shekarun 1890 suna fuskantar ruwa. Da yawansu sun daɗe a kulle, barandodinsu na ruɓewa. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasa tana ba da hayar wasu na dogon lokaci ga wanda zai gyara da kuɗinsa bisa sharaɗin kada ya canza fasalin ginin, amma gyaran yana tafiyar hawainiya.