Baiwa biyu, rubutu ɗaya: matan ikilisiya da jagoranci a ƙasarmu

A ajinmu na karin sauti, nan jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, malam ya taɓa rubuta kalma guda bisa allo: baiwa. Ya ce mu karanta. Rabin aji suka ɗaga murya a gaɓar farko suka sauke ta a ta biyu, wato kyautar da Allah ke ba mutum. Sauran suka zubo da murya cikin gaɓar farko suka ɗaga ta a ƙarshe, wato macen bawa. Kowa ya yi dariya, aka wuce. Ni kam abin ya tsaya mini a rai, don a makon nan ne aka ce in riƙe shugabancin matasan majami'armu, wata dattijuwa kuma ta ja ni gefe ta ce: "Ɗiyata, ke baiwar Allah ce, ki yi ta hidima daga baya, gaba ta maza ce." Shi ya sa na shiga tonon tarihi, in ga yadda iyayenmu mata suka yi da kalmomin nan biyu.

Mishan ɗin SIM ta sauka Zinder a 1924. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ta kafa tasha a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Aikinta da Hausa ta yi shi, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. Wannan ya buɗe ma mata wata ƙofa: wadda ba ta taɓa taka lakwal ɗin Faransa ba tana iya koyon karatu da harshen da ta sha a nono. Amma ƙofar ba ta buɗe duka ba. Ana shirya samari su zama masu wa'azi da fastoci, ƴan mata kuwa ana koya musu karatu da ɗinki da kula da gida, don su zama matan masu bishara. Ko da ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1960, mumbari ya zauna hannun maza.

To, mata ba su naɗe hannu ba. Suka gina nasu fili, Zumuntar Mata. Ana ba da labari cewa tushenta yana Miango, kusa da Jos, wajen 1930, lokacin da wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, ƴan'uwanta mata suka tara kwabbansu aka sayi keke don kai marar lafiya wurin magani. Daga can zumuntar ta bazu cikin ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, har ta iso wajenmu. Duba abin da ke cikinta: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai bada waƙa, taron mako, taron shekara, asusun da ake lissafinsa a gaban kowa. Su ke zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, su ke sasanta ma'aurata, su ke tsara waƙoƙi da kiɗan tulu waɗanda yara ke haddace labaran Littafi da su. Kakata ta riƙe asusun zumuntar ƙauyensu shekara da shekaru, da ɗan littafin lissafi cikin kwalla. Ba wanda ya taɓa kiranta shugaba, amma fasto kansa ba ya yanke maganar kuɗin biki sai ya ji ta bakinta.

Misali na biyu daga Katolika yake. Marie-Catherine Kingbo ƴar Senegal ce. Daga 1988 zuwa 2000 ita ce babbar shugabar Filles du Saint-Cœur de Marie, ƙungiyar mata masu keɓe rayuwarsu ga Allah wadda aka kafa a Senegal tun 1858. Da ta sauka daga kujerar, tana iya hutawa. Sai ta tafi Paris ta yi karatu bisa Musulunci da Kiristanci, don ta san mutanen da za ta zauna da su. A 2006, shekara guda bayan yunwar 2005 da ta gallabi yankin Maraɗi, ta zo ƙasarmu, bishop Ambroise Ouédraogo ya karɓe ta, ta kafa sabuwar ƙungiya, Fraternité des Servantes du Christ. A Tsibiri da Ɗan Bako suka buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa, da makaranta, da ƙaramin bashi na sana'a don mata. Abin da ya fi ba ni mamaki, takan tara limamai da hakimai su zauna su tattauna auren wuri da karatun ɗiya mace, kuma suna zuwa. Ta rasu a Dakar a 2021, aikin bai tsaya ba.

Ku lura da sunan da ta zaɓa ma ƙungiyarta: bayin Almasihu mata. Ta amsa sunan baiwa mai hidima, kamar yadda Maryamu ta kira kanta cikin Linjilar Luka, amma wannan bai hana ta fito da baiwarta ta tsara aiki da magana gaban manya ba. Cikin Matiyu sura 25, bawan da ubangidansa ya tsauta ma shi ne wanda ya binne abin da aka ba shi don tsoro.

Daga tarihin nan na tsinci abu uku. Na farko, sau da yawa wani ne ke fara ganin baiwarka kafin kai ka gani. Kakata wata tsohuwa ce ta lura ba ta kuskuren ƙidaya a kasuwa, ta miƙa mata asusu. Na biyu, baiwa na son wasawa kamar lauje: karatun Hausa ga matan Tsibiri, karatun Paris ga Kingbo. Na uku, tana son fili, kuma in ba a ba mata ba sukan share nasu.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Sunayen turawan mishan da na fastocin farko suna nan a rubuce. Sunayen matan da suka riƙe zumunta fa? Yawancinsu suna bakin tsofaffi kawai, tsofaffin kuma suna tafiya. A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai, ina ƴar yarinya na ga iyayenmu mata suna share toka, suna shimfiɗa tabarmi don a yi sujada a fili. Wa ya rubuta wannan?

Ƴan'uwana ɗalibai, Kirista da Musulmi, kowa na da irin tsohuwar nan a gidansu, ko ta zumunta ko ta makarantar Islamiyya. Hutun nan, ku ɗauki waya ku naɗi muryarta, ku tambaye ta wa ya fara ganin baiwarta, wa kuma ya so ya danne ta. Ni na fara da ƙawayen kakata biyu da suka rage.

Shugabancin matasa kuwa, na karɓa. Na koma wajen dattijuwar nan na durƙusa na ce: "Inna, hidimar zan yi, daga gaba. Ki sa mini albarka." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in zo ran Laraba taron zumunta, in karanta musu aya, tunda idanunsu sun fara rauni.