Daga Cuku Zuwa Awara: Yadda Wake Ya Gaji Madara

Duk lokacin da waken suya ya yi tsada a kasuwar Dawanau sai tsohuwar gardamar nan ta taso: awara abincin gado ce ko baƙuwa? Masu cewa gado ce hujjarsu ɗaya, wai babu ƙauyen da za ka ratsa tsakanin Bichi, Dambatta da Minjibir da la'asar ba ka ga yarinya a gaban kasko tana juya ta ba. To, su tambayi duk tsohuwar da ta haura saba'in ko ta ci awara tana budurwa.

Kakanninmu cuku suka sani. Buzaye ke saukowa da shi daga Abzin tare da gishirin Bilma da dabino, falle-falle, busasshe ƙamas, a daka a cikin fura ko a ci da shayi. Tsaraba ce, ba a yin sa a gida, kuma dalilin a fili yake. A arewacin Kano gona na jingine da gona, makiyaya ta yi ƙaranci, yawancin shanu sai bayan kaka suke shigowa su ci kara su bar taki. Ɗan abin da aka tatsa kuwa yana da masu jira: kindirmo, nono, man shanu. Wace Bafulatana ce za ta daskarar da ƙwarya guda ta koma curin da bai cika tafin hannu ba, alhali fura da nono na ƙarewa kafin azahar?

Can kudu, wajen Ilorin da Borgu, inda ciyawa ta wadata, Fulani sun daɗe suna ɗora madara a wuta su zuba ruwan ganyen tumfafiya ta dunƙule, fara fat, mai laushi. Yarabawa na kiran ta wara, kuma nan awara ta samo suna. Tumfafiyar nan kuwa ga ta a kowane kufai namu, madarar ce babu.

Waken suya Turawa suka shigo da shi a 1908, ya karɓu a ƙasar Tibi, aka fara fitar da shi waje a 1947. Ci ne dai ba a yi, don ba ya nuna kamar wakenmu, ga ƙarni.

Wasu na cewa 'yan China suka koya mana. Gaskiya ne sun fi shekara 1,000 suna daskarar da madarar wake, amma ban ga ta inda suka shiga gidajen garuruwanmu irin su Makoɗa ba. Wasu kuma na ba cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, dukkan ladan, saboda a ƙarshen shekarun 1980 ta yi aikin koya wa mata sarrafa waken suya, har da wani masani ɗan Japan. Sun taka rawa, ba musu. Sai dai dabaru nawa masana suka kawo suka mutu a takarda?

A ganina matsi ne ya raya awara. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na gwamnatin Babangida a 1986, nama da ƙwai da madarar gwangwani suka fi ƙarfin talaka. A daidai lokacin injin markaɗe yana yaɗuwa a ƙauyuka, ga matan aure a kulle suna neman sana'ar da ba ta buƙatar fita. Kwano ɗaya ya isa jari. A jiƙa, a aika yaro markaɗe, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsamin da ya kwana a kan gasarar koko, sai ka ga ta taso kamar auduga. A kwashe a buhu a danne da dutse. Dusar ma awaki na jira.

Sauran kuma hikimar matan ce. Faransawa na alfahari da Boursin, cukunsu mai laushi da ake cuɗawa da tafarnuwa da ganye a shafa a burodi, wanda ya fito a shekarun 1960. Namu matan attaruhu da albasa da tattasai suke zubawa tun kafin a danne, su soya, su barbaɗa yaji, mai hali ya sa a tsoma masa a ruwan ƙwai. Abin da ya ɓata sana'ar yanzu shi ne masu gaggawa da suka bar ruwan tsami suka koma alif, awarar ta fito da yawa amma tana ɗaure baki.